Dajin da Ya Ɓoye Bakin Kwara

A watan Maris na 1824 wani Bature ɗan Sikotlan mai suna Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin abubuwan da suka kawo shi har da wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana taswira na Turai tuwo a ƙwarya: ina Kogin Kwara yake ƙarewa? Sarkin Musulmi ya tattauna da shi a kan kogin, har aka zana masa taswira, amma bai samu damar wucewa Yawuri ya ga ruwan da idonsa ba. Ya koma gida, ya sake dawowa ta hanyar kudu, ajali ya riske shi a Sakkwato a watan Afrilu na 1827 ba tare da ya samu amsa ba. Kafin shi, Mungo Park ya rasa ransa a Busa a 1806 yana kan wannan nema.

Abin mamakin shi ne, a lokacin da ake wannan wahala jiragen Turawa sun shafe fiye da shekara 300 suna tsayawa a bakin kogin da ake nema. Suna sayen bayi da hauren giwa da manja a Boni da Biras da bakin Forkados, suna ɗaukar waɗannan ruwaye a matsayin ƙananan koguna masu zaman kansu. Wasu masana sun ce Kwara yana haɗuwa da Nilu, wasu suka ce da Kwango, wasu kuma suka ce yana ƙafewa a wata fadama a tsakiyar nahiyar. Wani mai suna James MacQueen, wanda ya tattara bayanai daga bayi 'yan Afirka ta Yamma a gandayen rake na tsibirin Girenada, ya rubuta a 1821 cewa kogin yana faɗawa Tekun Atilantika ne, amma ba a ba maganarsa nauyi ba. Sai a watan Nuwamba na 1830 Richard Lander, tsohon baran Clapperton, tare da ƙanensa John, suka gangaro daga Busa a kwale-kwale suka ɓullo teku ta reshen Nun, gardama ta ƙare.

Abin da ya ɓoye bakin kogi mai tsawon kusan kilomita 4,200 daga idon baƙi har tsawon ƙarni uku daji ne. A ƙasan garin Aboh kogin yana rabuwa gida biyu, Nun da Forkados, waɗannan su ma su yi ta rarrabuwa zuwa ɗaruruwan mashigai da ke kewayawa cikin wani daji da ke tsaye a cikin ruwan gishiri. Mai kallo daga teku ba ya ganin komai sai bango kore guda ɗaya, da ƙofofi masu kama da juna. Ijawa suna kiran itacen wannan daji angala. A littattafan kimiyya sunansa mangurof, kuma ba shi da wata dangantaka da mangwaron da muke sha. Nijeriya ce ke da dajin mangurof mafi faɗi a Afirka, tana kuma cikin ƙasashe biyar na gaba a duniya. Tarihin gaɓar tekunmu, tun daga cinikin gishiri har zuwa malalar ɗanyen mai, ba ya fahimtuwa sai an san yadda wannan itace yake rayuwa a inda sauran itatuwa ke mutuwa.

Itacen da ke shan ruwan teku

Duk manomin da ya taɓa zabga wa shuka takin zamani fiye da kima ya ga abin da ke biyo baya: ganye ya yi yaushi ya ƙone, ko da ƙasa na da laima. Dalili shi ne ruwa yana bin gishiri. Idan gishirin da ke cikin ƙasa ya fi na cikin saiwa yawa, ruwa yakan fita daga jikin shuka ya koma ƙasa, shukar ta mutu da ƙishirwa tana tsaye cikin danshi. A kowace lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Ƙarfin da wannan gishiri ke jan ruwa da shi ya ninka matsin iskar tayar mota fiye da sau goma. Duk itacen da zai sha daga teku sai ya yi ja da ƙarfin da ya fi wannan.

Wani masanin halittu mai suna Per Scholander, wanda ya yi karatu a Nowe ya yi aiki a Amurka, shi ne ya auna wannan a shekarun 1960. Ya gano cewa ruwan da ke hawa cikin jikin jan mangurof kusan ruwan daɗi ne, domin saiwar tana tace fiye da kashi 90 cikin 100 na gishirin tun a bakin shiga. Ƙarfin jan kuwa daga ganye yake zuwa: yayin da rana ke busar da ganye, ruwan da ke cikin siraran jijiyoyin itacen yakan ɗaure tamau kamar igiyar guga, ya zuƙo ruwa ta cikin matatar saiwa, ya bar gishiri a waje. Injinan da ƙasashen Larabawa ke tace ruwan teku da su a yau suna aiki ne a kan wannan ƙa'ida, sai dai su da wutar lantarki suke tura ruwan.

Ba duka mangurof ke bin hanya ɗaya ba. Sunan ya ƙunshi nau'o'i kimanin 70 daga dangogin tsirrai da ba su da kusanci da juna, waɗanda zama wuri ɗaya ya sa suka yi kama. Wanda ya fi yawa a Neja Delta shi ne jan mangurof, Rhizophora racemosa, mai tace gishiri a saiwa, wanda a bakin mashigai masu sabuwar laka yakan kai tsawon mita 30 ko fiye. Akwai kuma Avicennia germinans, wanda yake barin wani kaso na gishirin ya shiga, sannan ya fitar da shi ta wasu ƙananan ƙofofi a ganyensa. Idan aka kwana biyu ba ruwan sama, ana ganin garin gishiri fari a kan ganyen, wanda ya lasa kuma zai ji shi a harshe. Ganyen mangurof kauri gare shi da santsi kamar an shafa masa kakin zuma, domin ruwan da aka samu da irin wannan wahala ba a barinsa ya tafi a banza. Ta wannan fuska ya fi kama da itatuwan sahel irin su aduwa a kan itatuwan kurmi, duk da cewa ƙafarsa a ruwa take.

Numfashi a cikin taɓo

Gishiri rabin matsalar ne kawai. Saiwa tana buƙatar iskar oksijin kamar yadda huhu ke buƙata, taɓon bakin teku kuwa ba shi da ita. Da an tona ɗan yatsa ƙasa za a tarar da baƙar laka mai warin baragurbi, warin da ke fitowa daga ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a inda babu iska. Taɓon kuma ba shi da ƙarfin riƙe itace, ga ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a kowace rana.

Jan mangurof ya magance matsalolin biyu da abu ɗaya. Saiwoyinsa suna fitowa daga gangar jiki da rassa, su lanƙwasa a sarari kafin su caki laka, sai itacen ya zama kamar rumbun da aka ɗora a kan ƙafafu masu yawa. Ƙafafun suna tokare shi, kuma a jikinsu akwai ɗimbin ƙananan hudoji. Idan ruwa ya janye, iska tana shiga ta hudojin, ta bi wata tsoka mai kama da soso da ke cikin saiwar har ta kai ga sassan da ke binne. Shi kuwa Avicennia saiwarsa tana bazuwa a kwance ƙarƙashin laka, ta riƙa turo wasu tsinkuna sama kamar fensir, ɗaruruwa ko dubbai kewaye da itace guda, kowanne yana shaƙar iska. Rayuwar itacen gaba ɗaya ta rataya ne a kan waɗannan hudoji da ke tsakanin iyakar cikowar ruwa da iyakar janyewarsa.

Hatta haihuwarsa daban take. Irin jan mangurof yana tsirowa tun yana maƙale a jikin uwa, ya miƙe kamar sanda mai tsawon kamu ɗaya ko fiye, sannan ya faɗo. Wani ya cake a laka nan take, wani ruwa ya ɗauke shi ya yi makonni ko watanni yana yawo har ya samu tudun lakar da zai kafa saiwa. Inda ya kafu, saiwoyinsa suna rage wa ruwa gudu, lakar da kogi ya ɗauko ta kwanta, ƙasa ta ƙara tudu. Ganyen da ke zubowa yana ruɓewa ya ciyar da ƙaguwa da dodon-koɗi da jatan-lande, ƙananan kifaye kuma su samu mafaka a tsakanin saiwoyi har su girma su fita teku. Yawancin abin da masunta ke kamawa a gaɓar ya yi ƙuruciyarsa ne a wannan daji.

Gishiri, kwale-kwale da bayi

A dajin mangurof ba a noma. Doya ba ta yi, rogo ba ya yi, ruwan sha ma sai an nema. Al'ummomin da suka zauna a cikinsa, Ijawa da Itsekiri da Andoni da sauransu, sun kafa ƙauyuka a kan 'yan tudun da ruwa ba ya shanyewa, suna da kifi da gishiri a wadace amma ba su da abincin gona. Dole ta sa suka zama 'yan kasuwa. Suna dafa ruwan teku da itacen mangurof har ya ƙafe ya bar gishiri. Itsekiri kuma suna da wata hanya: su ƙone sassan itacen, su tace tokar da ruwa, su dafa ruwan har gishiri ya fito. Da itacen suke ƙyafe kifi, da shi suke kafa ginshiƙan gidaje, da ɓawonsa suke rina taru don ya yi ƙarko.

Wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal, Duarte Pacheco Pereira, ya rubuta a farkon shekarun 1500 cewa a bakin kogin da ke kusa da Boni ya ga babban gari da ake dafa gishiri mai yawa, da kwale-kwale da aka sassaƙa daga itace guda masu ɗaukar mutum 80, suna gangarowa daga nesa da doya da awaki da shanu da bayi don musayar gishiri. Ke nan Turawa sun tarar da kasuwa tana ci, suka shigo cikinta. Yadda gishirin Bilma ya ɗaure Sahara da ƙasar Hausa ta hanyar ayarin raƙuma, haka gishirin bakin teku ya ɗaure mazauna mangurof da manoman ƙasar Ibo ta hanyar kwale-kwale.

Da cinikin bayi na Atilantika ya bunƙasa, waɗannan ƙauyuka na masunta suka zama birane masu sarauta: Boni, Elem Kalabari, Nembe, Okirika. Ƙarfinsu ya ta'allaƙa ne a kan sanin daji. Babban jirgin Bature ba ya iya shiga mashigai, matuƙinsa kuma bai san wanne ke ɓullewa da wanne ke mutuwa a laka ba, don haka sai ya tsaya a bakin ruwa ya jira dillalai, ya biya harajin tsayawa. Fiye da mutum miliyan ɗaya aka fitar ta wannan sashe na gaɓar teku zuwa nahiyar Amurka, Boni kuma tana cikin tashoshi mafi girma a ƙarni na 18. Dajin da ya kare mazaunansa daga mamaya shi ne ya ba manyansu damar riƙe ƙofar wannan mummunan ciniki, kuma ba su da wata riba a nuna wa baƙo hanyar shiga. Bayan Ingila ta haramta cinikin a 1807, a hankali manja ya maye gurbin mutane, Turawa suka raɗa wa yankin suna Kogunan Mai.

Muguwar iska

Bayan 'yan'uwan Lander sun gano hanya, sai aka tarar da shinge na biyu. A 1832 wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya shiga kogin da jirage masu aiki da tururi. Cikin Turawa 48 da suka tafi, 9 ne kawai suka koma. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da wani ayari na jirage uku. Likitocin zamanin sun yi imani cewa zazzaɓi yana tasowa ne daga warin ruɓaɓɓen taɓon mangurof, don haka aka sa wa jiragen na'urar da ke bi da iska ta cikin sinadarai kafin ta shiga ɗakunan kwana. Duk da haka fiye da Turawa 40 suka mutu. A cikin wannan ayari akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda bayan shekara biyu ya buga littafin kalmomin Hausa.

Zargin da aka ɗora wa dajin kuskure ne, ko da yake yana kusa da gaskiya. Akwai wani nau'in sauro, Anopheles melas, da ke ƙyanƙyasa a ruwan gishiri-gishiri na gaɓar Afirka ta Yamma, kuma yana yaɗa maleriya. Ba a tabbatar da rawar sauro ba sai a 1897, ta binciken Ronald Ross a Indiya. Amma magani ya riga sani zuwa. A 1854 likita William Balfour Baikie ya jagoranci jirgin Pleiad ya hau Kwara da Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya dawo ba tare da ya rasa Bature ko ɗaya ba. Wannan Baikie shi ne daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, ya kai ziyara Kano a 1862.

Tururi da kwinin da bindigogin zamani sun kwance kariyar da dajin ke bayarwa. A 1887 aka kama Sarki Jaja na Opobo aka kai shi gudun hijira. A 1894 sojan Ingila suka ci Ebrohimi, garin da Nana Olomu na Itsekiri ke riƙe da shi a tsakiyar mangurof. A Janairun 1895 Sarki Koko na Nembe ya kai hari kan sansanin kamfanin Royal Niger a Akasa saboda an toshe wa mutanensa kasuwa, aka mayar da martani da ƙone garuruwansu. Bayan shekara takwas Kano da Sakkwato suka faɗi. Kafin layin dogo ya isa Kano a 1911, kogin ne babbar hanyar da ma'aikata da kayan yaƙin Turawa ke bi zuwa Lakwaja da Jaba, kuma ta cikin wannan daji suke shigowa.

Baƙon 1906

Mulkin mallaka ya zo da nasa dashen. A 1906 aka kawo wani nau'in kaba na bakin ruwa mai suna nipa daga lambun tsirrai na Singafo aka dasa a Kalaba, a 1912 kuma aka ƙara dasa shi a Oron. A kudu maso gabashin Asiya nipa itace ne mai albarka: ana rufin ɗaki da ganyensa, ana tatsar ruwansa a yi sukari da ruwan tsami. An kawo itacen, amma ba a kawo sana'ar ba.

'Ya'yan nipa suna yawo a ruwa kamar na mangurof, kuma yana saurin kama duk wata laka da ta zama fili. Cikin shekara ɗari ya mamaye bakin Kogin Kuros da na Imo, ya shiga yankin Boni, ya tsallaka har Kamaru. Ba shi da gangar jiki a sarari, don haka ba ya ba da itacen ƙyafe kifi ko na gini. Ba shi da ƙafafun saiwa da katantanwa za ta maƙale ko ƙananan kifaye su ɓuya. Yana cunkushe mashigai har kwale-kwale ya kasa wucewa. Masana ƙasa sun samu ƙurar furensa a tsoffin duwatsun Nijeriya, alamar cewa ya taɓa rayuwa a nan shekaru miliyoyi da suka wuce kafin ya ɓace. Ya dawo ne ya tarar da wani daji daban, da mutanen da rayuwarsu ta ginu a kan angala. Duk inda aka sare mangurof ko ya mutu, nipa ne ke fara isa, kuma da wuya ya ba da wuri.

Mai a kan saiwa

A 1956 aka samu ɗanyen mai a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, a 1958 aka fara fitar da shi waje. Neman mai a cikin mangurof yana nufin sare dogayen layuka don bincike, da haƙa magudanai don jiragen kaya, da shimfiɗa bututu. Magudanan suna kai ruwan gishiri inda a da ruwan daɗi ne, lakar da aka haƙo kuma idan ta sha iska takan yi tsami har ta kashe tsiro. Amma mafi muni shi ne malala.

Itacen da ya jure gishirin teku da taɓo marar iska ba shi da dabarar ɗanyen mai. Mai yana yawo a saman ruwa, ruwa kuma yana hawa yana sauka sau biyu a rana daidai inda hudojin numfashi suke. Kowace cikowa tana shafa wa saiwoyi mai, ta toshe hudojin, gubarsa kuma ta lalata matatar da ke hana gishiri shiga. Cikin makonni ganye ya yi rawaya ya zube. Man yana bin ramukan ƙaguwa ya nutse cikin laka, inda rashin iska ke hana shi ruɓewa, ya zauna shekaru. Idan saiwoyi suka mutu, laka ta saki, ruwa ya kwashe ta.

A 2008 zuwa farkon 2009 bututun kamfanin Shell ya fashe sau biyu a Bodo, ƙasar Ogoni, mai ya yi makonni yana zuba cikin mashigai. Kamfanin ya amsa alhakin waɗannan malala biyu, a Janairun 2015 kuma aka sasanta a kan fam miliyan 55 ga masunta kimanin 15,600 da al'ummar garin. A Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni, ta ce farfaɗo da yankin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ta ba da shawarar a ware dala biliyan ɗaya don farawa. Wannan ya zo ne shekara 16 bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas a ranar 10 ga Nuwamba, 1995. An ƙaddamar da aikin tsaftacewa a Bodo a watan Yunin 2016, hukumar HYPREP ke gudanar da shi, kuma dashen mangurof yana cikin ayyukanta.

Har yau ana jayayya kan yawan malalar da ke faruwa saboda tsufan bututu da wadda ɓarayin mai ke jawowa. Kamfanoni suna nuna masu fasa bututu da masu dafa mai a daji, al'ummomi suna nuna bututun da suka shekara ba a sauya ba. Duka biyun suna aukuwa, kuma a kan saiwa ɗaya suke sauka. Ga su kuma garuruwa irin su Fatakwal da Wari suna cike fadama don gini, masu sayar da itace suna sara don biyan buƙatar birni.

Lakar da ke zuwa daga arewa

Mai karatu a Kaduna ko Katsina zai iya ganin wannan labari ya yi masa nisa. Kuɗin da ake rabawa jihohi kowane wata a Abuja, wanda albashin yawancinmu ke fitowa daga cikinsa, kaso mai tsoka nasa daga ƙarƙashin wannan daji da tekun da ke gabansa yake zuwa. Akwai kuma wata alaƙa da ta girmi mai. Taɓon da mangurof ke tsaye a kai ƙasa ce da ruwa ya ɗauko daga nesa. Abin da damina ke wankewa daga gonakin Zamfara da Kabi yana bin Rima da Gulbin Sakkwato ya faɗa Kwara. Na Kaduna yana bin Kogin Kaduna, na Gombe da Bauci yana bin Gongola ya shiga Binuwai. A can ƙarshe saiwoyin angala ke tare shi, ya zama sabuwar ƙasa.

Wannan isar da saƙo ta ragu. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Lagdo a Kamaru a 1982, da na Jaba da Shiroro da suka biyo baya, duk suna tare laka a bayansu. Ƙasar Neja Delta kuwa tana nutsewa a hankali saboda nauyin kanta, teku kuma yana ƙara hawa. Mangurof yana iya bin hawan teku muddin laka na isowa da yawan da zai ɗaga ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Idan ta gaza, hudojin numfashi za su daɗe a nutse fiye da yadda itacen zai jure. Madatsun sun ba mu wuta da noman rani, babu mai cewa a rushe su, amma duk lissafin sabuwar madatsa a kan Kwara ko Binuwai da bai sa lakar bakin teku a ciki ba, lissafi ne da ya bar bashi ga wasu.

Dasa mangurof ba shi da wuya: a tsinci sandar irin, a caka a laka. Abin da ke da wuya shi ne tabbatar da cewa lakar ta rabu da mai, ruwa yana shiga yana fita yadda ya kamata, an cire nipa, kuma mutanen wurin suna da wata hanyar ƙyafe kifi kafin dashen ya girma. A ƙasashe da dama an dasa miliyoyi sun mutu saboda an dasa su a inda ruwa ya yi zurfi. Idan aka fara ƙirga shekara 30 ɗin da UNEP ta ambata daga ranar da aka ƙaddamar da aiki a Bodo, za a kai 2046. Yaran da aka haifa a garin a shekarar da bututun ya fashe za su kusa cika shekara 40 a lokacin.